Takardar da Aka Rubuta wa Makafi

Shekarun baya, ban fi shekara biyu da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wata ɗabi'a ta kama ni. Duk rubutun da na gani sai na tsaya. Buhun taki, bayan mota, kwalin ashana. Tsohuwa da jikoki, mutane na tafiya ni ina tsaye ina haɗa baƙi.

Ranar kasuwar Rogo na sayi ƙosai aka naɗe min a takarda. Na samu inuwa ina ci ina karanta inda mai bai ɓata ba. Da ƙyar na haɗo: aikin ido kyauta. Na ajiye ƙosan. Wai wasu likitoci za su zo cire wa mutane yanar ido. Na lalubo ranar, ashe wata biyu ke nan da wucewa.

A lokacin yayata tana ƙauyenmu wajen Ruwan Bago, shekara uku ke nan yanar ta rufe mata ido. Macen da ke sussukar gero ita kaɗai, ta koma ko bayan gida sai an ja ta. Mu kuwa mun ce tsufa ne, mun yi shiru.

Washegari na yafa mayafi na nemo jami'in da ya shirya abin. Muka gaisa sosai, har gajiya da iyali, don ni ba na faɗa sai na gama gaisuwa.

Na miƙa masa takardar, duk mai. "Ɗan nan, wa kuka rubuta wa wannan?"

"Jama'a mana, Iya. Mun manna a bangon ofis, mun manna a makaranta, har ta waya an tura."

"Makaho kuka rubuta wa takarda?"

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Na ce su wa aka yi wa? Ya fara lissafi: baban wani malami, surukar wani ma'aikaci, kakar mai kanti. Kowa da ɗansa mai karatu a cikin gari.

Ya ce, "Rabo ne, Iya. Lafiya ta Allah ce."

Na ce, "Ta Allah ce. Amma bangon nan kai ka zaɓa."

Ba mugun yaro ba ne, in faɗi gaskiya. Ya sunkuyar da kai ya ce to yaya za a yi. Na ce lokacin zaɓe yaya ake samo mu? Har gona ake bin mu da lasifika. A sa mai shela a kasuwa, a gaya wa limamai da masu unguwa.

Sai da aka fi shekara likitocin suka dawo. Wannan karon an yi shela. Daga ƙauyukanmu har garin Fulatan, tsofaffi suka cika a-kori-kura, kowa da sandarsa. Aka yi wa yayata aikin idon dama. Na hagu likita ya duba ya ce an makara, da bara ne da an samu.

Da aka kwance mata bandeji ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ke, haka kika tsufa?"

Na ce, "Ki bari a kawo miki madubi tukuna."

Abin da na koya, jama'a, ciwo daban, rashin adalci daban. Ciwo ba ya tambayar gidan wa ya shiga. Amma in magani ya zo, ya zama kullum ɗan gari ne ke ji, mai karatu ne ke samu, na ƙauye sai labari, to wannan ba rabo ba ne, tsari ne, ko da babu wanda ya yi da niyya. Kuma abin da mutum ya tsara, mutum zai iya gyarawa.

Yayata ta yi shekara shida da ido ɗaya, tana tsince tsakuwa a shinkafa tana zagin masu sayarwa. Allah Ya ji ƙanta. Na daman ina gode wa Allah har gobe. Na hagun kuwa, kada wanda ya ce min tsufa ne ya cinye shi.