Sunayen da Na Raɗa wa Jariran Mutane

Shekarar da aka kawo kwamfuta ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin da nake aiki a Tambuwal, ni aka zaunar a gabanta, don ban daɗe da gama makaranta ba. Aikina fitar da takardar haihuwa. Kafin ta buga, sai wani ɗan akwati ya buɗe a tsakiyar allo yana tambaya: sunan uwa, ƙauye, nauyi, sunan jariri. In aka bar gurbi ɗaya ba a cike ba, sai ya yi ƙara ya ƙi rufuwa.

To jaririn kwana ɗaya ina ya ga suna? Wanda ya tsara akwatin bai san ana jiran kwana bakwai ba. Mai jego tana son tafiya gida, motar ƙauyensu ba ta jira, sai na fara cike gurbin da kaina. Nakan leƙa cikin zane in dubi fuska, in zaɓa. Wata mai dogayen yatsu na ba ta sunan kakata. Har daɗin abin nake ji. Takardar da boko take, na ɗauka ƙarƙashin katifa za ta ƙare.

Wata Laraba wani dattijon malami daga Sanyinna ya shigo da takardar nan a ninke. Ɗansa ne ya karanta musu ita a gida.

"Ɗiyata, ke ce mai injin ga?"

"Ni ce, Allah gafarta Malam."

"To wa yar raɗa ma jikata suna? Kwananta fuɗu duniya. Na yi mata huɗuba da sunan da niz zaɓa, ban faɗa ma kowa ba. Yanzu mata sun fara kiranta da na takarda. In ya kama bakinsu kafin Asabar, nawa ya tashi."

Na ce laifin akwatin ne. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Wata takardar yake so, wadda ba suna, ya nuna musu. Ya fita ya zauna a gindin dogonyaro.

Da azahar ake kashe janareta. Na jawo katon littafin Turancin da mai haɗa na'urar ya bari, wanda ya ce kada mu taɓa abin da ba a nuna mana ba. Na karanta shafi a tsaye, na zauna, na sake tashi. Na leƙa taga sau nawa ban sani ba, Malam yana nan yana jan carbi, inuwa tana janyewa daga ƙafafunsa. Zuciyata ta tafi Dogon Daji, ta tafi Fakku. Yara nawa ke can da sunan da na ba su?

Can na gano cewa akwatin yana da baya. Akwai inda aka jera gurabensa duka, kowanne da 'yar alama a gefe mai nufin dole ne. Na kai linzamin kwamfutar kan alamar sunan jariri na cire ta. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba. Gani nake duk haihuwar shekarar za ta goge, a ce yarinyar nan ta ɓata kayan gwamnati. Na yi bisimilla na danna. Na kuma ƙara wa layin sunan tsawo a takardar, yadda hannu zai samu wurin rubutu, ko da ajami.

Na sake buɗe akwatin, na bar gurbin haka nan. Ya rufu shiru. Firinta ta ja takarda.

Malam ya ɗaga ta wajen haske, ya bi layin da yatsa.

"Nan ba komi?"

"Ba komai, Malam."

"Madalla." Ya ninke ta, ya miƙo mini tsohuwar. "Riƙe abinki. Sunan ba shi da laifi. In Allah ya ba ki taki, kya sa mata."