Hodar da Na Saka a Lefen Ƙanena

Da auren ƙanena ya tashi, Inna ta raba mana aikin lefe. Yayarmu ta ɗauki atamfofi da leshi, matar kawu ta ɗauki takalma da jakunkuna, ni kuma aka danƙa mini akwatin kayan kwalliya, wai ni ce 'yar gayun gidan. Ban musa ba, don ba ƙarya aka yi mini ba. Duk layinmu a Mabera, in za a fita biki, ɗakina ake zuwa aron jan baki, kuma ba a dawo da shi.

Turare, kwalli, man shafawa, duk na haɗa ba tare da na yi gumi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne hodar ruwa, wadda 'yan mata ke kira fandeshin. Ita ba a sayenta da ka, sai launinta ya dace da fatar mai shafawa. Ni kuwa ban taɓa ganin amaryar ba, na dai san 'yar Ƙofar Marke ce.

Na tare ango a tsakar gida. Na ce, "Kai, yarinyar ga, hwara ta ko baƙa?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi. "Wallahi Yaya, kyakkyawa ta."

"Ban tambaye ka kyau ba, sakarai. Launi nika tambaya."

Ya dubi sama, sannan ya ce ai haske gare ta. Ashe bawan Allah bai taɓa ganinta da rana ba. Bayan magariba yake zuwa zance, a zauren da ƙwan lantarkinsa ya mutu tun kafin ya fara neman auren. Ya miƙo mini wayarsa in ga hotuna. A ɗaya ta fito fara sol kamar Balarabiya, a wani har da kunnuwan zomo a kanta. Na mayar masa da abinsa.

Sai na shirya takanas na tafi gidansu, da sunan gaisuwa. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin mahaifiyarta, ga labule an saki, ga wuta an ɗauke. Yarinya ta shigo cikin hijabi har ƙasa, ta durƙusa can bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Na yi wasa, na yi barkwanci, har na ce mata akwai ƙadangare bisa silin ko za ta ɗaga kai. Ina! Kunyar dangin miji ta hana. Da ta miƙo mini ruwa na ce yauwa, ga hannu, sai na tarar an yi masa lalle har wuyan hannu. Na sha ruwa na dawo gida yadda na tafi.

Akwai wata mata 'yar Filato mai shagon kayan kwalliya a Ƙofar Dundaye, mijinta malamin makaranta ne, wurinta nake sayayya tun ina budurwa. Na zayyana mata halin da nake ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in kawo yarinyar a gwada mata a gefen haɓa, a bakin ƙofa inda rana take. Na ce a garin nan wa ya taɓa jan amarya zuwa shago ta zaɓi kayan lefenta? Sai a ce ba mu da ta ido. Maimakon amarya, sai na jawo ango. Muka jera masa kwalabe bisa kanta, tun daga mai duhu har mai haske, na ce ya nuna matarsa. Ya duba, ya duba, ya ɗora yatsa kan ta biyun ƙarshe wajen haske, ya ce ko shakka babu. Mai shago ta dube ni, ta dube shi, ta sa a leda.

Ranar kai lefe, gwaggon amarya ce ke buɗe akwatuna tana ɗaga kaya mata na guɗa. Da ta zo kan kwalbar nan sai ta tsaya. Ta juya ta, ta ɗaga ta sama, ta nuna wa ta kusa da ita. Sannan ta ce, "To, madalla. Mun gani, mun kuma ji." Ni kuwa na gyara zama ina jin daɗi, na ɗauka tsadar abin ce ta burge ta.

Sai ranar buɗar kai na ga fuskar amarya. Baƙa ce, baƙi mai sheƙi, irin nawa sak. Na tuna da kwalbar nan, amma na ce ba komai, za ta ba wata ƙawarta, magana ta wuce.

Ba ta ba kowa ba. Gidan da aka kai ta na bayan namu, kullum da hantsi takan zo gaida Inna, kuma kullum da hodar nan a fuska. Fuska fara fat kamar ta faɗa buhun fulawa, wuya kuwa yana nan yadda Allah ya yi shi. Ga bazara ta kankama, zafin Sakkwato ba ya raga wa kowa. Kafin ta gama gaisuwa gumi ya tsaga hanyoyi daga goshi zuwa haɓa, bakin hijabinta duk ya yi dabbare-dabbare. Ɗan yayarmu da ke rarrafe ya gan ta ya ƙwalla ƙara, aka ce haƙori yake fitarwa. Inna ba ta iya magana, don suruka ba ta tsoma baki a fuskar matar ɗanta. Yayarmu ta ce ni na saya, ni zan faɗa. Ni kuma kunya ta rufe ni. Angon da na tambaya ko bai lura da komai ba, cewa ya yi, "Mi ya hwaru? Lahiya lau nika ganinta."

Ran nan dai na ce abin ya isa. Na bi ta gidanta da azahar, na same ta gaban madubi tana ƙara wani shafin kan na safe. Bisa teburin, kusa da kwalbar da na sa a lefe, na hango wani man shafawa sabo fil ko ledarsa ba a cire ba. Na san shi sarai. Man bilicin ne, irin wanda ke ƙone fata ya bar gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

Na ce, "Ke, wanga hwa? Wa ya ba ki shi?"

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na ji muryarta. "Ni nis sawo, Anti."

"Ki yi mi da shi?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce tun ranar lefe gwaggonta ta kira ta ɗaki, ta ajiye mata kwalbar a gaba, ta ce dangin miji ba su magana da baki, ga saƙonsu nan: sun ga ta yi musu duhu. Ta ce kullum in ta shafa sai ta ga ba ta hau ba, shi ya sa ta yi tunanin ta gyara fatar ta dace da hodar, kada Inna ta ga kamar ta raina kyautarmu.

Wallahi ban san lokacin da na zauna bakin gado ba. Raina ya ɓaci, tausayinta ya kama ni, na rasa wanda zan fara zagi tsakanin gwaggon da ƙanena da ni kaina. Na ce, "Ɗago ki dube ni. A'a, dube ni da kyau. Ni wace kala ce? Inna wace kala ce? Mijin naki da yaz zaɓo hodar, in ya tsaya bakin murhu ana rarrabe shi da tukunya?"

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin hanyoyin da gumi ya riga ya share.

Na sa ta wanke fuska da sabulu. Na zaro tawa hodar daga jaka, wadda na shafe rabinta, na ja ta bakin ƙofa inda rana take, na ɗiga kaɗan a gefen haɓarta na murza. Ta ɓace. Na nemi inda na shafa na rasa. Na miƙa mata madubi, ta juya dama, ta juya hagu, ta kai yatsa ta taɓa wurin.

Na ɗauki man bilicin na jefa a jakata, na bar mata hodar bisa tebur. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Anti, to gobe in na zo gaida Inna da huskata hakanan, ba ta cewa komi?"

Na ce, "Za ta ce sannu da zuwa. Tun da anka kawo ki take jiran ta gan ki."