Jan Fenti a Bangon Kwalejinmu

Da muka tashi buɗe kwalejin koyon sana'a a unguwarmu ta Nyanya, ni aka naɗa shugaban kwamiti. Ba ilimi aka duba ba, tumbina ne kaɗai aka ga zai cika kujerar. Muna da malamin kafinta, da na ɗinki, da na famfo, ga matasa masu son koyo sun fi fasinjojin tasha ranar Litinin yawa. Gini ne babu.

Wata dattijuwa 'yar Filato, wadda duk unguwa ke kira Mama, ta ara mana nata, gumin shekarunta na aikin gwamnati. Ta kama kunnenta ta ce, "Oga ciyaman, ko ƙusa ɗaya ya ɓace, zan karɓi abina."

Ana dab da buɗewa, malamin famfo ya zo da safe don ya sa shaida a inda zai huda bango ya sa bututu. Baƙo ne, bai daɗe a Abuja ba. Ya samu ragowar jan fenti, ya zabga ƙatuwar alamar ekis a bangon da ke kallon titi, ya wuce kasuwa sayen kaya.

To, a garin nan jan ekis a bango ba kwalliya ba ce. Ko jinjiri ya gani ya san masu rusau sun zo, katafila na tafe. Kuma kowa ya haddace abin yi: ka cire kwano da ƙofa da taga, ka bar mata bulo ta ci.

Ina tsakiyar cin waina aka kira ni. Gudun da na yi ranar, 'yan acaɓa ma sai da suka kauce. Na tarar ɗalibanmu, da ko aji ba su fara shiga ba, sun kwaye rabin rufi, sun cire ƙofofi. Maƙwabcinmu mai shayi har ya ɗora teburinsa a baro. Na tsaya ina haki ina cewa, "Ku bi kwanon Mama a hankali!"

Sai ga malamin famfo da bututu a kafaɗa. Ya dubi sama, ya dube mu. "Ikon Allah! Iska aka yi?"

Muka nuna masa bango.

"Af, wannan ai ni na zana."

Kafin a gama salati Mama ta iso. Ta shiga aji, ta ɗaga kai, ta ga shaho na shawagi. Ta miƙo hannu. "Oga ciyaman, ba ni makulli."

Na ce, "Mama, na wace ƙofa? Ga su can jingine."

Ba ta yi dariya ba. Malamin kafinta ne ya durƙusa ya ce ta ba yaran dama su mayar da abin da suka cire. Idan bai yi mata ba, mu tattara.

Aka kawo mata kujera ƙarƙashin mangwaro. Nan ta yini tana tsawa: "Kai mai jan riga, wannan katako ya karkace!" Darasinmu na farko ke nan, ba allo, ba jawabin buɗe taro, nawa da na kwana uku ina haddacewa ya bi iska.

Bayan la'asar ta tashi ta bi ƙofofi tana turawa. Akwai wadda tun da aka yi ginin sai an sa mata kafaɗa. Ta taɓa ta da yatsa, ta rufu ruf. Ta buɗe, ta sake rufewa.

Ta ce, "Ku zauna. Amma wancan mai famfo, ku saya masa alli."