'Ya'yan Tsamiyar Inna

Jiya a asibitin Kazaure aka ce jinina ya hau, ga ni da cikin wata bakwai. Likita ta hau zana danginmu a takarda, tana tambayar su wa suka yanke jiki suka faɗi.

Sai na tuna kakata Inna. In ta tace tsamiyar kunu, takan jera 'ya'yan a tabarma da danƙonsu, kowanne da sunan ɗan'uwa, ta ture biyar gefe, na waɗanda suka yanke jiki suka faɗi. "Duba, 'yar nan, duk ɗakin uwata ne. Ba sammu ba ne, jini ne. Ran da kika yi ciki, maza awo."

Dariya nake mata. Jiya kuwa biyar ɗin nan likita ta zagaye, ba ƙari ba ragi.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna. Ya sauke ni lafiya, kada a ture tawa tsamiyar gefe.