Mai Walda Ɗan Damagaram

A Jidda nake aiki, amma a Makka nake da ɗaki. Shekarun da na yi a wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa, duk ranar Alhamis da la'asar sai in ajiye hular kwano, in shiga tasi zuwa unguwar Hindawiyya a Makka. Can akwai wata tsohuwa, dangin mahaifina ce ta nesa, iyayenta sun zo da ita ta Sudan tun tana goye. Gwaggo nake ce mata. Ta ba ni ɗakin sama, kusa da inda ake shanya.

Gwaggo ba ta taɓa fahimtar aikina ba. Na yi mata bayani cewa ni ne mai duba ko wuri ya yi lafiyar da za a shiga, ko wuta za ta iya tashi, ko ana zubar da baƙin mai a teku. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato kai aikinka hana mutane aiki."

Jikokinta suka yi dariya ba tare da sun ji abin da ta ce ba. Larabci suke yi. In na gaishe su da Hausa sai su amsa da kalma ɗaya su koma kan wayoyinsu. Gwaggo kuwa kunnenta ya yi nauyi, hira da ita sai an ɗaga murya, ba ta daɗewa.

A ma'aikata ba a kirana da sunana. Salama ake ce mini, sunan sashenmu na kiyaye haɗari ke nan da Larabci. In na doso rumfar da ake cin abinci sai in ji wani ya ce, "Ga Salama nan," sai hira ta mutu, masu sigari su taka ta da ƙafa, a shiga ɗaure igiyar hula. Ba wanda ya taɓa zagina. Kawai dai ba a matsa mini wuri. Na saba ɗaukar burodina da wake in je bayan ɗakin ajiya, in ci ina kallon ruwa.

A nan ne wata rana na ji wani yana faɗa da kan walda da ya ƙi kamawa. "Kai, wannan abu da taurin kai yake!" Na miƙe tsaye da burodi a hannu. Dattijo ne siriri, gemunsa ya fara fari, hannayensa duk tabon tartsatsi. Na yi masa sallama, na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya daɗe yana kallona. "Ikon Allah. Ashe Salama namu ne?"

Mutumin Damagaram ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Wani ƙaramin kamfani da ke kawo mana ma'aikata shi ne kafilinsa, wato shi ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, iyalinsa kuma suna unguwar Nakkasa a Makka, a kan dutse. Daga ranar muka riƙa cin abinci tare. Yana zuwa da yaji a ƙulle cikin leda, ya barbaɗa mana a kan wake. Yana tsokanata cewa Hausar Kano duk sauri ce, kamar ana korar mutum. Ranar Alhamis mu shiga tasi ɗaya, ya yi barci a kafaɗata tun kafin mu fita Jidda. Ɗana yake ce mini.

Sai aka kawo wani jirgin dakon mai da ke da tsaga a cikin tankinsa. Irin wannan tanki ba a shigarsa sai an wanke, an sa fanka ta kwana tana fitar da iska, na zura na'ura na gwada, sannan a tsayar da mutum a baki yana kallon wanda ke ciki. Da safe na gwada, na'ura ta yi kuka. Na ce a jira, na rataya jan ƙyalle a bakin.

Bayan azahar ina wucewa ta kan jirgin sai na ga an cire ƙyallen. Fanka a kashe. Wayar walda ta bi tsani ta gangara cikin duhu, ba kowa a baki. Na leƙa, na haska fitila. Baba ne a ƙasa, ya durƙusa yana shirya kayansa, bai kai ga kunna wuta ba.

"Baba! Kada ka taɓa komai. Ajiye, ka hau."

"Ɗana, ɗinki ɗaya ne, yanzu zan gama."

"Don girman Allah ka hau!"

Ya hau a hankali. Da ya fito sai ya zauna a ƙasa, yana numfashi da baki, idanunsa sun yi ja. Na tambaye shi wa ya aiko shi. Ya ce shugaban ma'aikatansu ne, wai mai jirgi yana ta waya, in ba a gama yau ba za a ƙwace aikin daga kamfaninsu.

Ma'aikatan jirgin sun ga komai, don haka maganar ta kai ofis kafin ni. Washegari mudir, wato manajan ma'aikatar, ya tara mu. Na faɗi abin da na gani da abin da Baba ya gaya mini. Shugaban ma'aikatan ya rantse bai aiki kowa ba. Aka juya ga Baba. Ya kalli mutumin nan na kamfanin da ke riƙe da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ya sunkuyar da kai, ya ce da Larabci shi ya shiga da kansa.

Na ce masa da Hausa, "Baba, faɗi gaskiya, ina bayanka."

Bai ɗago ba. Mudir ya ce a yi magana da harshen da kowa ke ji.

An hana shi hawa jirgi, aka mayar da shi wurin yankan tsofaffin ƙarafa a ƙarshen fili. Na sake komawa wurin mudir a kan shugaban nan, ya ce ba shaida. Da na je wurin Baba da abincina, ya miƙe tsaye kamar yadda sauran suke yi, ya gyara hularsa, ya ce da Larabci, "Na'am, ya muhandis?" wato injiniya. Na yi masa Hausa, ya amsa da Larabci. Na sake yi, ya sake amsawa da Larabci. Na koma bayan ɗakin ajiya. Kafin azumi kamfaninsu ya sallame shi.

Na gaya wa Gwaggo, ina ɗaga murya. Ta ce, "Yana da rai?" Na ce yana da rai. Ta ce, "To," ta ci gaba da jan carbinta.

Na hau Nakkasa nemansa. Layin da ya taɓa kwatanta mini an rushe rabinsa, sai tarin bulo da ƙofofi a jingine. Wata mata mai sayar da ƙosai ta ce mutanen wurin sun watse, ba ta san inda suka nufa ba.

Bayan aikin Hajji na gan shi a unguwar Misfala, a bakin titi, cikin alhazai masu jan akwatuna. Yana tsaye kusa da buhuna da aka ɗaure da igiya, matarsa na zaune a kan ɗaya. Na tsaya ban san da wane harshe zan fara ba. Shi ya fara.

"Kana lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Tafiya za a yi?"

"Gida. Ƙarfi ya ƙare." Ya gyara igiyar wani buhu da ba ta kwance ba. "Na san da ka bar ni da na ƙone. Na sani. Amma kai kana da ofis, ni ba ni da kowa. Da na faɗi sunansa, a ranar za su kore ni."

"Ai sun kore ka duk da haka."

"Sun kore ni." Ya yi ɗan murmushi. "Ka ci gaba da hana su. Yara ne da yawa a wurin."

Motarsu ta iso. Na taya shi ɗora buhuna, na gaida matarsa. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu masu kaushi, ya yi mini addu'a, ya shiga. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Na taka a ƙasa zuwa Harami na yi la'asar, na zauna cikin mutane har aka kira magariba. Ranar Lahadi da asuba na koma Jidda. An kawo sabon jirgi, tankunansa na jiran gwaji, na ɗauki na'ura na hau.