Ranar da Na Ja Kurkunun da Hannuna

Salamu alaikum, 'yan'uwa da abokan sana'a. Ni ne Mamman Wanzami na Ƙofar Rini. Wata huɗu ba ku gan ni da zabira a kasuwa ba, har na ji an ce na bi ayari. Ina ɗaki kwance. Yau na roƙi limamin unguwarmu ya rubuta wannan, a karanta muku.

Da ƙaiƙayi ya fara, a idon sawuna na hagu. Sai zafi kamar an ɗora garwashi, sai bororo. Ina zuba ruwan alwala ya fashe, ga farin kai ya leƙo kamar zare.

Kurkunu. Ni da na tsufa ina fitar wa mutane shi!

Kun san aikin. A kama kan, a naɗe shi a tsinke, kullum a murza kaɗan, gwargwadon gaɓar yatsa. In ya cije a bar shi sai gobe. Ba wanda ya zauna gabana ban ce masa ba: "Kar ka ja. In ya tsinke a ciki, ƙafar ce za ta biya." Har tsawa nake yi wa manya a kan haka.

Na naɗe nawa a tsinke ina murzawa, sai 'yata ta haihu, jikana na fari. Saura kwana uku a yi suna, ni kuma na ci alwashin ni zan yi masa askin suna. Da hantsi na zauna na duba tsinken, na ce ai saura kaɗan, kuma hannuna ya san aiki.

Wallahi ina ja, bakina yana cewa kar ka ja.

Ya tsinke.

Kafin la'asar ƙafa ta zama turmi. Zazzaɓi, mugunya, wari. Ranar suna ina jin guɗa daga nesa, wani ne ya aske yaron. Na juya fuska bango na yi kuka.

Matata Inno ta aika Kwalkwalawa aka ɗauko Baba Ɗanjuma a kan jaki, tsohon da ya koya mini aska. Ya matsa ƙafar, ya ce:

"In kumburin ga ya wuce gwiwa, Mamman, ba ni da abin yi."

Nan tsoro ya kama ni sosai. Na ce, "Baba, na sani fa. Na sani sarai."

"Awo, kanka ya sani. Hannunka fa, wa yag gaya mai?"

Ya tsaga, ya matse, na ciji tsumma. Kullum gashi da ruwan zafi safe da yamma, a shafa man kaɗe, a ɗaure. Ya zana layi da gawayi ƙasa da gwiwata. Kowace safiya ni da Inno layin nan muke fara dubawa. Kwana tara kumburi yana bakinsa. A na goma ya ja baya.

Ban gama murna ba, sai ga wani ya leƙo a ƙafar dama.

Inno ta ce, "To, Maigida, mi za ka yi?"

Na naɗe kan a tsinke, na ce ta ɗaure da ƙyalle, ƙulli irin nata wanda ba na iya kwancewa. Ita da ba ta taɓa riƙe aska ba, ita ke murzawa kullum. Sau biyu na ce ta ƙara kaɗan, ta make mini hannu. Bayan wata guda ya fito ɗungurungum.

Alhamdu lillahi, ina takawa, da ɗan ɗingishi. Allah ya saka wa Baba Ɗanjuma, da maƙwabtan da ba su gaji da kawo kunu ba, da Inno.

Shawarata: in ya fito muku, ku je wurin wanzami da wuri, kar ku ja. In kuma kun san kuna da gaggawa irin tawa, sanin da ke kanku ba zai riƙe muku hannu ba. Ku ba wani tsinken.

Jiya aka kawo mini jikana, gashi ya tofo. Na wasa aska na aske shi, a hankali.