Dakan da Baba Yake Ji

Lokacin da muke ƙauyenmu na bayan Kuyello, Baba siririn mutum ne. Da ƙafa yake zuwa gona, da ƙafa yake dawowa, cimarsa tuwon dawa da miyar kuka. Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma, muka kwashe muka koma cikin garin Birnin Gwari, ya buɗe ɗan shago a bakin titi yana sayar da lemon kwalba da taliya da man gyaɗa.

Daga nan sai zama. Manoman da suka gudo irinmu suka kafa majalisa a gindin mangwaron da ke gaban shagon. Da hantsi shayi mai kaurin madara da sukari, da azahar shinkafa da mai da yaji, da la'asar tsire da lemo. Cikin damina biyu Baba ya yi teɓa, wuyansa ya cika. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Lallai gari ya karɓe ka."

Wanda ya fara rasuwa a majalisar maƙwabcinmu ne na ƙauye. Yana tsakiyar dariya ya dafe ƙirji, ya kife kan tabarma. Na biyu a sallar azahar ya yi sujada bai ɗago ba. Babu jinya, babu rauni. Aka fara raɗe-raɗi cewa mutanen ɓoye na dajin ne suke bin waɗanda suka yasar da gonakinsu. Gurbin duk wanda ya mutu ba a zama a kai, sai a riƙa kewaye shi da kofin shayi a hannu.

Wata rana na kai wa Baba abinci, rana tsaka, gari tsit. Na tarar ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Ke, wa ke daka?"

Na ce, "Baba, ba kowa."

"Ga shi nan kuwa. Daga wajen daji yake fitowa. Kullum ƙara matsowa yake."

Na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙudaje. Sai Baba ya ce na biyun nan ma ya gaya masa yana jin dakan kafin ya rasu.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga Kudancin Kaduna, da ke sayen taliya a wurinmu. Ta lura Baba yana haki don kawai ya ɗaga akwatin lemo, ƙafafunsa kuma sun kumbura. Washegari ta zo da abin awon jini. Ta auna, ta sake aunawa.

Ta ce, "Baba, ba daga daji ba ne. Jininka ne ya hau, shi ke bugawa a kunnenka. Jikin da ya saba da fartanya ka zaunar, kana ɗura masa mai da zaƙi."

Ta sa mini abin sauraren ƙirji a kunne, ta ɗora bakinsa a ƙirjin Baba. Na ji shi sarai, dum, dum, kamar taɓarya a turmin da babu hatsi.

Baba ya karɓi magani a asibiti, ya bar lemo da tsire, Inna ta rage gishiri. Ya roƙi ɗan fili a fadamar bakin gari, kullum da safe ya taka ya je ya yi noman alayyafo da kuɓewa. Da ya fara ramewa, mutane suka riƙa zuwa yi masa sannu da jiki. Biyu daga cikin abokansa suka bi shi fadama, sauran suka ce ya yarda da zancen asibiti ya bar gaskiya.

Yana nan da ransa, amma bai ƙara taka ƙauyen ba. Wani makiyayi da ya ratsa ta can ya gaya masa kabewa ta haye rufin ɗakinsa, ta yi 'ya'ya manya-manya, suna ruɓewa babu mai tsinka. Baba ya tambaye shi ko ƙofar tana rufe.